Daga zauren majalisar jiha zuwa rufin makarantar unguwa

Mai buɗe zance, daga jihar Minisota

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan zance ne domin mu mazauna jihohin Amurka daban-daban mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa game da dokokin makamashi mai tsafta da majalisun jihohi ke zartarwa, da kuma hanyar da kuɗinsu ke bi kafin ya iso mazaɓa. A watan Fabrairun 2023 Gwamna Tim Walz ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kamfanonin lantarki na jihar nan su koma samar da wutar da ba ta fitar da hayaƙin kabon nan da 2040. Ina cikin kwamitin iyayen yara na wata makarantar gwamnati, kuma na ɗauka wannan doka ce za ta ɗora mana farantan sola a rufi. Da muka je ofishin 'yar majalisar mazaɓarmu, ma'aikaciyarta ta zaunar da mu ta fahimtar da mu cewa dokar umarni ce ga kamfanonin wuta, babu ko dala ɗaya a cikinta da aka rubuta da sunan makaranta. Kuɗin da muke nema yana cikin shirin sola na makarantu wanda majalisa ta kafa a 2021, kuma hukumar makarantun gunduma ce ke da hurumin nema, ba iyaye ba. Mun koma wurin hukumar, sai jami'in gine-gine ya buɗe mana fayil ya nuna mana cewa rufin namu ya tsufa, alhali farantan sola kan yi shekara 25 ko fiye, don haka sai an sabunta rufin tukuna, da kuɗin wani aljihu dabam. Ina so in ji yadda ta kaya da sauran 'yan'uwa.

Amsa daga jihar Merilan

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya fi ba mu wahala a nan shi ne rashin sanin lokaci. Majalisar jiharmu kwana 90 kacal take zama a shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kuma kowace ɗaya daga mazaɓu 47 tana da sanata ɗaya da wakilai uku. Akwai tsarin da ɗan majalisa zai nema wa wani aiki na mazaɓarsa kuɗi daga kasafin manyan ayyuka, har da gine-ginen ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma ta nan muka so mu sa wa cibiyar al'ummarmu sola da sabon injin ɗumama ɗaki. A shekarar farko mun kai buƙatarmu zama ya riga ya yi nisa, hannunmu babu komai sai wasiƙa mai shafi ɗaya. An karɓe mu da mutunci, amma an gaya mana gaskiya cewa babu ɗan majalisar da zai tsaya wa aikin da ba shi da ƙiyasin injiniya, da takardar mallakar gini, da shaidar rajistar ƙungiya.

A shekara ta biyu tun watan Oktoba muka gayyaci sanatanmu ya zo ya ga ginin, muka hau da shi har ɗakin injin ɗumamar, ya ga bokitin da muke tarar ruwan da ke ɗiga daga bututu. A ganina bokitin nan ya yi mana aikin da wasiƙa goma ba za su yi ba. Ranar sauraron buƙatu minti biyu aka ba ni, kuma da na san haka da ban ɓata rabinsa wajen gaisuwa da godiya ba.

Aikin ya shiga kasafi, muka yi murna, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sai da majalisar ayyuka ta jiha, wadda gwamna da kwanturola da ma'ajin jiha ke zama a cikinta, ta amince da yarjejeniyar, sa'an nan kuɗin ya riƙa fitowa bisa takardun biyan da muka gabatar. Ɗan kwangilarmu kuwa ya ce ba zai sauke ko faranti ɗaya ba sai ya ga kafin alƙalami, dole muka yi karo-karo a tsakaninmu. An kuma taɓa dawo mana da takarda ɗaya saboda sunan ƙungiyarmu da ke kanta ya bambanta da wanda ke cikin kasafin da kalma guda, laifin kuma namu ne.

Amsa daga jihar Mishigan

Hajiya da Malam, na gaishe ku. Ni nawa labarin ya sha bamban, domin a karkara nake aiki, inda rigimar ba ta rufin makaranta ba ce, ta gonaki ce. A watan Nuwamban 2023 Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a dokokin da suka sa 2040 a matsayin wa'adin komawa makamashi mai tsafta ɗungurungum, tare da wata doka da ta ba hukumar kula da lantarki ta jiha ikon amincewa da manyan ayyuka, wato na sola daga megawat 50 (megawat ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne) da na iska daga megawat 100, ikon da a da yake hannun ƙananan hukumomi. Dokar ta tanadi cewa kamfani zai biya al'ummar da ta karɓi aikin dala 2,000 kan kowane megawat, ke nan aikin megawat 100 zai kawo dala 200,000.

Na halarci taron wata ƙaramar hukuma inda aka karanta wannan lissafi. Wani dattijo da ya ba da hayar gonarsa ya ce kuɗin hayar ne zai hana 'ya'yansa sayar da gadon, maƙwabcinsa kuma ya miƙe ya ce shi ba a biya shi komai ba, amma shi zai riƙa buɗe taga yana kallon baƙin gilashi har iyakar ganinsa. Ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba. Abin da na lura da shi shi ne ba adadin kuɗin ya fi ƙona wa mutane rai ba, ɗauke shawarar daga hannunsu ne, kuma ƙananan hukumomi da dama sun garzaya kotu a kan yadda ake aiwatar da dokar. Ina goyon bayan sola, amma ina ganin kuɗin da aka yanka wa al'umma ya yi kaɗan idan aka auna shi da shekarun da aikin zai yi a wurin.

Amsa daga jihar Minisota

Yaya, ƙari kaɗan a kan batun jiharmu. Kuɗin gine-ginen gwamnati da ake samowa ta hanyar takardun lamuni, wato bashin da jiha ke ci, sai kashi uku bisa biyar na kowane zauren majalisa ya amince, don haka jam'iyya mai rinjaye ba ta cika iya wucewa da shi ita kaɗai ba. A 2023 an zartar da kasafin gine-gine na kimanin dala biliyan 2.6, wanda kusan biliyan 1.5 ne daga cikinsa na takardun lamuni, a 2024 kuwa aka tashi ba a zartar da komai ba, kuma gyaran wani ginin birninmu da na bi sawunsa yana cikin waɗanda suka kwana a layi.

Mai buɗe zance

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Mishigan, maganarka ta sa na fahimci dalilin da wasu iyaye daga bayan gari suke ɗari-ɗari da duk abin da aka ce sola ne. A namu ɓangaren, hukumar gunduma ta sa rufin makarantarmu cikin jerin gyare-gyaren da za ta tattauna a zamanta na gaba, kuma mun samu iyaye shida da za su je su yi magana. Malam na Merilan, ina da tambaya: ƙiyasin injiniyan da kuka gabatar, ku kuka biya kuɗinsa daga aljihunku, ko an mayar muku da shi bayan kuɗin jiha ya fito?