FlightGear na cinye min RAM har ya rufe kansa, ta ina yoyon yake?

Ɗan Lawanti:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san cikin FlightGear, manhajar nan ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Kusan shekara biyu ke nan ina tuƙi da shi a wata tsohuwar laftof mai RAM giga 8, a kan Ubuntu. Burina in shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, to kafin Allah ya hore kuɗin, da wannan nake rage zafi kullum bayan isha'i.

Ga abin da ke faruwa. In na ɗauki Cessna 172P a filin jirginmu na Gombe, wato DNGO, htop, manhajar da ke nuna yawan memorin da ake ci, na nuna min kusan giga 2. Atisayen sauka nake yi, don haka duk sanda na ɓata sai in mayar da jirgin bakin titi in sake. Kafin in yi haka sau ashirin ya haura giga 6, hoto ya fara tsinkewa, can sai manhajar ta ɓace. Na duba dmesg, wato bayanan da Linux ke ajiyewa kan abin da ya faru, na ga Linux ne da kansa ya kashe ta saboda memori ya ƙare.

Da farko zafin garin nan na zarga, har na sayo fankar da ake ɗora laftof a kai. Ba ta canza komai ba. Abu ɗaya da na ƙara da hannuna shi ne wani ɗan rubutu da Nasal, harshen ba da umarni na cikin FlightGear, da ke faɗa min tsayin jirgi da Hausa in na kusa ƙasa.

Malamin Lissafi, Kumo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ce yoyo ne, wato manhaja na kama memori ba ta sakinsa, ka auna. Ba duk hauhawar memori ce cuta ba. In ka tashi daga Gombe ka nufi Kano, dole ya loda sabuwar ƙasa da gine-gine, kuma yakan riƙe wasu na ɗan lokaci don kada ya sake wahalar ɗauko su. Wannan kan hau ya tsaya a wani matsayi. Na yoyo kuwa ba ya tsayawa.

Ka buɗe shi da --aircraft=ufo --disable-terrasync --disable-ai-traffic, ka bar shi a wuri ɗaya minti talatin, kana rubuta adadin RES, wato RAM ɗin da htop ke nuna yana ci, a takarda duk minti biyar. Sannan ka maimaita da Cessna, da rubutunka da kuma ba shi.

Hajiya mai C++:

Ɗan Lawanti, da na karanta inda ka ce kana mayar da jirgi bakin titi, nan hankalina ya tsaya, don na taɓa shan irin wannan wahalar har mako biyu.

Mutane na ɗauka tunda Nasal na da mai share shara na kansa, wato abin da ke kwashe memorin da aka gama amfani da shi, to ba zai yi yoyo ba. Mai sharar nan abin da kowa ya saki kaɗai yake kwashewa. Kamar kwanon da kika kai wa maƙwabta abinci ne ba a dawo da shi ba: kwanon na nan lafiya lau, an san inda yake, amma ba ya kicin ɗinki, kuma gobe sai kin ɗauki wani. Duk setlistener da ka kira, wato mai sauraron da ke jiran wani abu ya canza ya yi aiki, FlightGear na riƙe da shi tare da duk abin da aikin nasa ya rataya a kai, har ranar da ka kira removelistener da lambar da ya ba ka.

Yanzu duba rubutunka. Ina kyautata zaton ka sa komai a ƙarƙashin /sim/signals/fdm-initialized, kamar yadda yawancinmu muka koya. Wannan siginar ba sau ɗaya take bugawa ba, tana iya sake bugawa in an sake saita jirgi. Ke nan a saukarka ta ashirin kana da masu sauraro ashirin a kan abu guda, da agogo ashirin na zagaye lokaci ɗaya. Shi ya sa hoton ma ke tsinkewa, ba memori kaɗai ke shan wuya ba. Ka adana lambar kowane mai sauraro, ka cire na farkon da zarar ya yi aikinsa. Ka kuma bar agogon settimer mai kiran kansa, ka koma maketimer, shi yana da stop.

Injiniya Bolari:

Ni dai da Valgrind, manhajar gano yoyon memori, zan fara, da --leak-check=full. Shi ba ya ƙarya.

Hajiya mai C++:

Injiniya, a laftof mai giga 8? Valgrind kan ninka nauyin manhaja sau goma ko fiye, yaron nan ba zai ko kai ga tashi daga titi ba. Kuma direbobin katin hoto za su cika masa fuska da rahotannin da ba nasa ba. Mafi muhimmanci, irin wannan yoyon ba ya fitowa a layin da Valgrind ke lissafa memorin da ya ɓace tabbas, tunda har yanzu akwai mai riƙe da shi. In gyaran Nasal bai wadatar ba, manhajar heaptrack mai bin diddigin memori ta fi dacewa, ta fi sauƙi kuma tana nuna wanda ke ta tara memori. In ya kai ga harhaɗa FlightGear da SimGear, tubalan da aka gina shi a kai, da kansa, sai ya sa -fsanitize=address. A ɓangaren C++ abin da nake fara nema shi ne abubuwa biyu da suka riƙe juna da osg::ref_ptr ko SGSharedPtr, ƙidayar masu riƙe da su ba ta taɓa sauka sifili ba, don haka ba a share su. Maganinsa a mayar da ɗaya observer_ptr, ko SGWeakPtr in SGSharedPtr ne.

Ɗan Lawanti:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, na yi awon: ufo ya tsaya cik a wuri ɗaya, Cessna ba rubutuna ma haka. Hajiya, wallahi kamar kin leƙa fayil ɗin. Setlistener huɗu da settimer ɗaya, duk a ƙarƙashin siginar nan, kuma kowane zagaye yana ƙara bayanai a wani jerin da ban taɓa gogewa ba. Yanzu na gane dalilin da muryar ke maimaita "ƙafa ɗari" tana hawa kan kanta, ni ina cewa lasifika ce ta lalace.

Na gyara jiya da dare, na yi sauka talatin bai wuce giga 2.4 ba. Sai dai a doguwar tafiya zuwa Abuja har yanzu yana hawa a hankali, ban tabbatar ko lodin ƙasa ba ne. Na sauke heaptrack, in an kawo wuta yau zan gwada in liƙo muku abin da ya nuna.