Zakkar amfanin gona: a kan dukan abin da aka girbe, ko sai an cire bashin taki?

Manomi a Katsina:

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina aiki a cikin birnin Katsina, amma ina noma gonar mahaifinmu a ƙasar Malumfashi. Bana na sami buhu ashirin na masara, sai dai takin da na zuba da maganin feshi duk bashi na ci, kuma idan na biya su, na kuma cire abin da na kashe a huɗa da 'yan ƙwadago, abin da zai rage ba zai wuce buhu goma sha ɗaya ba. Bikin godiya na ikilisiyarmu ya matso. Shin zakkata buhu biyu ce, ko kuwa buhu ɗaya da 'yan tiyoyi? Ba na so in cuci Ubangiji, ba na kuma so in bar mai bina bashi yana ta zarya a ƙofar gidana.

Dattijon ikilisiya:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka taɓa hatsin. Mu da muka tashi a ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na SIM ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1954, abin da aka koya mana shi ne a ƙirga dami tun a gona, na goma a jingine shi gefe, kuma ba ya shiga rumbu ko da na kwana ɗaya. Littafin Firistoci 27:30 ya nuna cewa ɗaya bisa goma na amfanin ƙasa na Ubangiji ne, Malakai 3:10 kuma ya ce a kawo shi cikakke. Ban ga inda aka ce sai an cire kuɗin wahala ba. Wanda ya fara cire-cire, yau taki ne, gobe kuɗin mota, jibi sai ya cire har da kunun da 'yan aiki suka sha. Shawarata ka ba da buhu biyu.

Malamar Makarantar Lahadi:

Baba, ina neman gafara, amma ina ganin akwai abin da ya canja tsakanin zamaninku da yanzu. A lokacin da kuke ƙirga dami, takin gida ake zubawa, iri daga rumbu ake ɗebo shi, aikin kuwa gandu ne ko gayya, saboda haka kusan duk abin da gona ta bayar ƙaruwa ce. Yau manomi yakan narka kusan rabin amfaninsa a cikin ƙasa tun kafin masara ta yi goyo, kuma buhunan da za a sayar a biya dillalin taki ba su taɓa zama na ɗan'uwanmu ba, hannunsa kawai za su ratsa. Manzo Bulus a 1 Korantiyawa 16:2 ya ce kowa ya riƙa ajiyewa gwargwadon samunsa, a Romawa 13:8 kuma ya gargaɗe mu kada mu zauna da haƙƙin kowa a kanmu. Idan mai bin bashin ba mai bi ba ne, ya ji an kai buhuna majami'a ana waƙa da guɗa alhali kuɗinsa bai fito ba, wace shaida muka ba shi?

Ko maƙwabtanmu Musulmi, da su ma suke fitar da zakkar hatsi, sun bambanta gonar da ruwan sama ya shayar, wadda ake fitar wa ɗaya bisa goma, da wadda aka sha wahalar ban ruwa, wadda ake fitar wa rabin haka. Ba hujja nake kafawa da wannan ba, misali ne kawai na cewa tambayar ba ta malalata ba ce.

A zumuntar matanmu akwai gwauruwa wadda duk ranar Alhamis take zuwa da gero cikin ƙaramin kwano, ta juye a buhun da muke tarawa don marayu, ta ninke ɗankwalin da ta rufo shi ta zauna. Ba wanda ya taɓa auna ko ya kai ɗaya bisa goma na abin da take da shi.

Ɗan Katolika daga Kofar Kaura:

Ɗan'uwa, a wajenmu wajibi ne mai bi ya taimaki ikilisiya gwargwadon ƙarfinsa, amma ba a yanka masa adadi ba. Tun da aka kafa Dayosis na Katsina a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, buƙatu sun ƙaru, duk da haka koyarwar tana nan kan 2 Korantiyawa 9:7, wato bayarwa da yardar zuciya ba tare da tilas ba. Ka biya bashinka tukuna.

Dattijon ikilisiya:

'Yata, na ji maganarki, kuma batun shaida a gaban mai bin bashi ya shige ni. Na yarda a ware kuɗin taki da na feshi, tunda na wani ne. Amma kuɗin huɗa da na ƙwadago, in daga albashinsa ya biya, sai ya duba ko ya riga ya fitar da zakkar wannan albashin, domin in bai fitar ba, bai kamata ya cire su ba. Ɗana, ka zauna da fastonku da takardar lissafinka kafin ranar bikin, kada ka yanke hukunci kai kaɗai.

Manomi a Katsina:

Na gode Baba, na gode Malama. Zakkar albashina ina fitarwa duk wata, huɗa da ƙwadago kuma daga cikinsa na biya. Zan sayar da abin da zai biya mai taki a kasuwar wannan makon, sannan in kai wa fasto lissafin ranar Laraba bayan addu'ar yamma.