Takardar shaida da intabiyu a neman gurbin likitanci: me kuka gani da idonku?

Baban Khadija, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta samu maki 281 a JAMB, likitanci ta cike. Tun da sakamako ya fito mutane ke ce mini in nemo mata takarda daga wani babba, wai maki kaɗai ba ya kai yaro ko'ina. Wasu kuma na cewa a shirya ta don intabiyu. Wanda ya bi hanyar nan ya taimaka ya faɗa mini abin da ya tarar.

Malamin Bayoloji, Argungu:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Shekara 17 ina koyarwa a sakandare, yarana da suka shiga likitanci sun haura goma, kuma babu ɗaya da jami'a ta nemi in rubuta masa takardar shaida kafin ta ɗauke shi. Abin da ake dubawa a nan shi ne makin JAMB daga cikin 400, kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sai tantancewar da jami'a ke yi. Tun 2017 sunan duk wanda aka ɗauka sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen boko, kuma Kebbi da Zamfara suna ciki. Don haka takardar da za ta yi wa Khadija aiki ita ce ta shaidar asalin ƙaramar hukuma. Abin da ke ƙuntata lamarin shi ne hukumar likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. Na koyar da wata yarinya da ta yi wata takwas tana jinyar mahaifiyarta, da dare take karatu, ta samu 246. Da an ba ni fili na rubuta shafi guda a kanta, ko a zauna da ita minti goma, wallahi da an ga likita. Ba a tambaye ni ba. Yanzu tana karanta wani fannin.

Dakta ɗan Yawuri, mazaunin Ingila:
Malam, abin da kake buri shi ake yi a nan. Ɗana ya bi ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta a nan, malaminsa ya rubuta shaida a kansa, ya yi jarrabawar UCAT ta masu neman likitanci, sannan aka kira shi intabiyu. Ba kwamiti ɗaya ba ne. Ɗakuna ne a jere, 'yan mintoci a kowanne, kowane ɗaki da mai ba da makinsa. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta ƙirƙiro tsarin a farkon shekarun 2000. A wani ɗakin ya tarar da mutum yana kwaikwayon wanda ya fusata, aka ce ya kwantar masa da hankali. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ita takardar malamin kuwa ban ga ta yi nauyi ba, don kusan kowane yaro yabonsa ake yi.

Anti Nas, Jega:
Dakta, a can ne. A nan gida ƙanena ya je intabiyun neman tallafin zuwa karatun likitanci a ƙasar waje, ni na raka shi. Ya kwana uku yana bita. Bai yi minti uku a ciki ba ya fito, tambayar da aka yi masa ita ce ɗan gidan wa ne, kuma wa ya turo shi. Har yau in na tuna fuskarsa a mota sai zuciyata ta ƙuna. Ni a bar mu da maki, shi ko ɗan talaka zai iya nuna nasa.

Ɗalibar likitanci 'yar aji huɗu, Zuru:
Baba, ni babu takardar kowa na shiga. Karo na farko ban samu ba, na sake zama JAMB. A ce wa Khadija ta riƙa duba CAPS kullum, ta danna amincewa da zarar an ba ta.

Baban Khadija, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan je sakatariya karɓar takardar ƙaramar hukuma. Malam, yarinyar nan taka tana da niyyar sake zama? In kuɗin fom ne matsalar, ka yi mini magana.