Maɓallin nan na VSC: a kashe shi ko a bar shi a kunne?

Mai Corolla: Assalamu alaikum, manyana. Corolla na karɓo ta 2011, 'yar Kwatano. Kusa da sitiyari akwai wani maɓalli mai hoton mota da layuka biyu a karkace ƙarƙashinta, an rubuta OFF. Jiya a tashar Illela wasu direbobi suka ce mini duk safiya in na tayar da mota in danne shi. Wai abin yana shaƙe inji, yana shan mai, kuma don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, ba don Sakkwato ba. Don Allah gaskiya ne?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, gaskiya sunka gaya maka. Ni da Peugeot 504 na koyi tuƙi, Sakkwato zuwa Illela har Ƙonni, ba kwamfuta ba komi, sai sitiyari da birki da kiyayewar Allah. Yanzu Sienna nika tuƙi, kuma abin ga ya sha kunyata ni gaban hwasinja. Ka sauka kwalta ka shiga rairayi wajen Tangaza ko Gudu, ka taka totur, mota ta ƙi amsa maka, hitila na ƙyahtawa, tun kana tahiya sannu har ka kahe. Da ka danne maɓallin ga sai ta hita. To mine ne amfanin abin da ka hana ka ƙarhi daidai lokacin da kake biɗar shi? Direban da ya san hannunai ba ya bukatar na'ura ta riƙe mai birki.

Mai Rewaya: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa kan rairayi haka yake, ko littafin motar ma ya yarda da kai. Amma abu biyu ne aka haɗa a maɓalli guda, su nake so mu raba. Na farko Toyota na kiran shi TRAC. Aikinsa in taya ta fara juyawa a banza ba ta kama ƙasa ba, ya rage wa inji ƙarfi. Shi ne ya kafe ka a Tangaza, don a cikin rairayi kana bukatar taya ta yi ta haƙa tana watsa yashi har ta samu wurin kamawa. Na biyu shi ne VSC, shi kuwa ba ruwansa da kafewa, sai mota tana gudu ta nemi ƙwace maka. A yawancin Toyota, in ka taɓa maɓallin sau ɗaya ka saki, TRAC kaɗai ka kashe. In ka riƙe shi kamar daƙiƙa 3 mota na tsaye, ka kashe su duka biyun. Waɗanda ke ce wa yaron nan ya danne kullum da safe, ba su gaya masa wanne zai rasa ba.

Injiniya: Bari in ɗora a kan maganar Malam. Sunaye ne suka yi yawa, abin guda ne: Toyota VSC, Honda VSA, Nissan VDC, Mercedes da Volkswagen da Peugeot ESP. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga gudunta, ita ce dai ta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka taka birki da ƙarfi. Akwai wata a jikin sitiyari da ke gaya wa kwamfuta inda direba yake son zuwa, akwai kuma wata a tsakiyar mota da ke jin inda motar ta nufa da gaske. Kamfanin Bosch ya ce na'urarsa tana gwada biyun nan sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Muddin sun yi daidai, ba ta taɓa komai. In suka saɓa, sai ta matse birkin taya ɗaya tak. A ce ka sha kwanar hagu bayan motar ya zame zai zagayo, sai ta kama tayar gaba ta dama. In kuwa ka karya sitiyari gaban motar ya ƙi bi ya miƙe waje, sai ta kama tayar baya ta hagu. Kamar dai mahayi ya ja linzami gefe guda doki ya juyo.

Baba Direba: Injiniya, duk wanga na san shi da hannu. In bayan mota ya zame, ka saki totur, ka mai da sitiyari wajen da ta zame, ka bar birki. Tun ba a haihi masu kwamfutar ga ba muka yin haka.

Injiniya: Baba, ba na ja da kai a kan hannu, ka fi mu duka. Amma dubi ƙarƙashin ƙafarka. Birki ɗaya gare ka, in ka taka shi tayoyi huɗu ne ke kamawa tare. Babu direban da aka haifa da zai iya taka birkin tayar gaba ta dama ita kaɗai ya bar sauran uku. Wannan shi ne abin da na'urar ke yi wanda kai ba ka da hanyar yinsa, komai ƙwarewarka. Kuma Sienna ba 504 ba ce. Ta fi tsayi, ka cika ta da mutane, ga buhunan albasa a baya. Irin wannan motar in ta zame gefe taya ta daki bakin kwalta, wuntsilawa take yi.

Maganar ƙanƙara kuma, ga yadda abin ya yaɗu. Mercedes da Bosch suka fara sa shi a 1995 a babbar motarsu mai tsada. A 1997 'yan jaridar motoci a Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class da irin gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo titi ba zato: ka karya sitiyari ka kauce, ka sake karyawa ka dawo hannunka. Motar ta kife, ba a kan ƙanƙara ba. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya yi gyara, ya sa mata ESP. To wane ne a cikinmu bai taɓa kauce wa raƙumi ko jaki haka ba tsakanin Kware da Gwadabawa?

Hajiya Nas: Ni ba na jin yaren sensa, amma zan faɗi abin da ya same ni. Ruwan farko na daminar bara, ina dawowa ta hanyar Kwalkwalawa da yamma, kun san yadda kwalta ke yi in ƙurar rani da baƙin mai suka jiƙe. Wani ɗan kabu-kabu ya yanko gabana da buhu a baya. Na fizge sitiyari, na ji bayan motar ya tafi gefe, sai wata ƙara gurr-gurr daga ƙasa, fitila mai ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa, motar ta dawo ta miƙe. Wallahi ban yi wata dabara ba, hannuna rawa yake. Ga ruwan fadama hagu da dama, yarana biyu suna baya. Baba, kai ka iya mayar da sitiyari. Ni ban iya ba, wannan yaron da ya yi tambaya ma bai iya ba tukuna, kuma irinmu mun fi irinku yawa a titi. Ina roƙon ku kada ku koya wa sababbin direbobi kashe abin nan. Muna ganin waɗanda ake kawo mana asibiti daga haɗarin da mota ita kaɗai ta ƙwace, ba ta yi karo da kowa ba.

Baba Direba: Allah shi ƙara tsarewa, Hajiya. Allah shi raya yara.

Dillalin Motoci: Amin. Amma ni ina bayan Baba ta wata fuska. Duk wannan yabon a ƙasar da taya ke da kyau aka yi shi. Mu nan fa? Taya huɗu, kamfani huɗu, wata ma lambarta daban, duk tsofaffin Beljiyam. Na taɓa tuƙa wata Highlander da ke kama birki da kanta a kwanar da ba komai, tana ƙara tana fizga, har sai da na tsorata. A irin wannan motar kashe shi ya fi aminci. Kuma in da dole ne, me ya sa kamfanin ya sa maɓallin kashewa?

Mai Rewaya: Alhaji, wannan Highlander ba lafiya gare ta ba, kuma na san ciwon. Ko dai tayoyin ba girmansu ɗaya ba, kwamfuta na ganin wata ta fi wata gudu sai ta ɗauka santsi ne. Ko an yi alaimen ko an taɓa sitiyari ba a sake saita sensa da na'ura ba, mota na tafiya miƙe ita tana ganin an karya kwana. Ko kuma kayan ƙasa sun saki, sitiyari na wasa. Duk gyararru ne, wani ma aikin rabin awa ne. Wanda ya kashe VSC ya ci gaba da gudu a kan waɗannan tayoyin, matsalar tana nan, mai kama shi kawai ya kora.

Abin da ya fi damuna ma ba masu danna maɓalli ba ne. Motoci nawa ke zuwa wurina fitilar ABS da ta VSC a kunne ɗungurungum, mai motar ya ce haka ya saye ta? Wasu ma an buɗe dashbod an liƙe fitilar da baƙin salatif don kada mai saye ya gani. In ka duba sai ka tarar wayar sensa ce ta tsinke a bayan taya lokacin da aka canza bearin, ko laka ta toshe ta. Mutum yana yawo yana zaton yana da kariya, alhali ta mutu tun kafin motar ta ƙetaro boda.

Maɓallin kuwa don irin ranar Baba aka sa shi: rairayi, taɓo, kafewa. Shi ya sa da ka kashe mota ka sake tayarwa yake dawowa da kansa. A wasu Peugeot ma da ka wuce kilomita 50 a awa zai kunna kansa ko ba ka so.

Mai Corolla: To maganar shan mai fa? Ita ce ta fi ja na, kun san kuɗin lita yanzu.

Injiniya: Ba ya shan ko ɗigo. In kana tafiya lafiya daga Arkilla zuwa Gawon Nama kallo kawai yake, bai taɓa birki ba, bai taɓa inji ba. In kana son rage shan mai, duba iskar taya da filogi da matatar iska, musamman da ƙurar hunturu.

Alhaji kuma, kan cewa lissafin na waje ne, haka ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano na'urar tana rage haɗarin mutuwa a haɗarin mota ita kaɗai da kusan rabi. Shi ya sa Amurka ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Ko da tsofaffin tayoyinmu sun zaftare wani abu daga wannan amfanin, titin da ke da ramuka da dabbobi da yashi kwance a bakin kwalta shi ya fi sa mutum fizgar sitiyari ba shiri. Sai dai kada kowa ya ɗauka lasisin gudu ne. In taya ta suɗe, ko ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, ba abin da za ta iya kamawa da shi.

Baba Direba: Ni dai cikin rairayi ba mai hana ni kashe shi. Kuma har gobe ina nan kan cewa yaro ya koyi tuƙi da hannunai, kada ya dogara ga hitila.

Mai Rewaya: Mun yarda, Baba. A rairayi ka taɓa sau ɗaya kawai, kada ka riƙe. Da tayarka ta hau kwalta ka sake taɓawa, ka ga alamar da ke nuna an kashe shi ta ɓace a dashbod kafin ka sa giya ka miƙe.

Mai Corolla: Na gode, manyana, zan bar shi a kunne. Amma ta yaya zan san tawa ba a liƙe mata fitila ba?

Mai Rewaya: Murɗa makulli zuwa ON, kada ka tayar. Fitilun dashbod za su kama gaba ɗaya. Nemi ta ABS da mai hoton mota a kan layuka biyu. Dole su kama, su ɗauke bayan 'yan daƙiƙu. In ba su kama ba sam, an taɓa su. In sun kama sun ƙi ɗaukewa bayan ka tayar, akwai matsala, kuma a Toyota wani lokaci fitilar inji ce ke jawo ta VSC, sai an sa na'ura a karanta. Ka duba lambar da ke jikin tayoyinka huɗu ma yau ɗin nan, ka turo mana mu gani ko iri ɗaya ce.