Wai Yahudawa da Kirista dama can abu ɗaya ne?

Mai Tumatir Mile 12:
Assalamu alaikum. Maƙwabcina a kasuwa Kirista ne, mutumin kirki, ya liƙa tutar Isra'ila a motarsa. Ya ce su da Yahudawa tun fil azal tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai. Masana, haka tarihin yake?

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tushen dai ɗaya ne, don Annabi Isa da almajiransa Bani Isra'ila ne. Amma an raba gari tun da wuri, musamman bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus, babban wurin ibadar Yahudawa, a shekara ta 70 Miladiyya. Da Kiristanci ya samu mulki a Turai, Yahudawa sun ga tasku. A 1096 mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai masu tafiya yaƙin ƙwato Ƙudus, sun karkashe su a garuruwan Jamus. Ingila ta kore su a 1290, Sifaniya a 1492, da yawa daga cikin na Sifaniya Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta karɓe su. Wallahi karanta wannan tarihin yana sosa rai.

Bahaushiyar Obalende:
Malam, ni Kirista ce, kuma gaskiya ka faɗa. An daɗe ana ɗora musu laifin gicciye Yesu. Bayan kisan Yahudawa kusan miliyan 6 a zamanin Hitila, Cocin Katolika ta fito a 1965 ta ce ba daidai ba ne a ɗora wa dukansu wannan laifi. A 1986 Paparoma John Paul II ya shiga majami'ar Yahudawa a Roma.

Mai Tumatir Mile 12:
Na gode Malam, na gode Yaya. To son Isra'ilan nan na cocin Legas fa, daga ina ya samo asali?