Wane suna za mu ba wa gidan niƙan da ruwa ke juyawa?

Jama'a, ina neman kalma. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya je Moret-sur-Loing, wani ɗan gari a bakin kogin Loing, ya turo mana bidiyo: tsohon gini a cikin ruwa kusa da gada, da ƙaton gargare mai filafilai a jikinsa. Muna zaune a tsakar gida nan Yamai, Inna ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta ce, "Wannan kuma mi ne ne?" Na buɗe baki, sai sunan Faransanci moulin à eau kawai ya zo mini. Abin ya dame ni.

Ga yadda yake aiki. Ruwa ya bugi filafilan, gargaren ya juya, haƙoran da ke ciki su kai juyin ga dutse na sama, shi kuma ya murje hatsi a kan na ƙasa. Babu gazuwal, babu lantarki.

Wani abokina ya ce injin ruwa. Ban yarda ba. Ka faɗi haka ga mai lambu a bakin kogin Isa, famfon ban-ruwa zai kawo maka. Injin niƙa kuwa kowa ya san shi, mai hayaƙi da ƙara, wanda yara ke jera kwanoni gabansa tun da safe.

Yayata ta ce niƙa-da-ruwa. Inna ta katse ta: "Ke, wannan ai markaɗe ne." Gaskiyarta.

Wani malami daga Tawa ya rubuto: "Ɗana, dubi maƙera, majema, masaƙa, marina. Wurin niƙa maniƙa ne." Malam, Allah ya ƙara sani, nan hankalina ya kwanta. Da ma abin gini ne da ake zuwa da kaya, ba inji ba ne da za a ɗora a amalanke. Kuma maniƙa ba ta ɗaure mu ga garin hatsi kaɗai ba. A Moret ɗin akwai wadda a da ɓawon itace take niƙa wa majema, aikin da bagaruwa ke yi a wurinmu.

Saura rabin sunan. Na so maniƙar kogi, don tana da daɗin faɗi. Sai na tuna Barbegal kusa da Arles a kudancin Faransa, inda Rumawa suka jera gargare 16 a gangaren tudu tun ƙarni na 2, kuma ruwan ta magudanar da suka gina yake zuwa, ba kogi ba.

Don haka na tsaya a kan maniƙar ruwa. Mai cewa za a ɗauka ruwan ake niƙawa, ya tuna jirgin ruwa. Ta iska ma ta samu suna ke nan, maniƙar iska.

Na faɗa wa Inna da daddare. Ta maimaita sau biyu, sannan ta ce in tambayi ƙanena ko dutsen yana iya gero.