Kafin ka je kallon tsere a Sakhir

Waɗanda suka taɓa zuwa filin tseren motoci na Sakhir a hamadar Bahrain, wanda aka buɗe a 2004, bakinsu ya zo ɗaya a kan rana: ka tanadi ruwa, hula da tabarau. Tun 2014 da dare ake babban tseren Formula 1, amma kada hakan ya ruɗe ka. Ƙananan tsere da rana ake yinsu, kuma in dare ya yi iskar hamada kan yi sanyi, don haka ka riƙe riga mai kauri. Yara kuwa a toshe musu kunne.

Kan sufuri aka rabu, wasu tasi, wasu bas. Bas ta fi kwanta mini, domin samun tasi bayan an tashi aiki ne ja.